Yadda zaka hau mita 160 da 'yar ƙaramar eriya a gida

Duk mai rediyon sha'awa da ya taɓa leƙa mita 160, wato zangon rediyon da tsawon igiyarsa ya kai wajen mita 160, ya san lissafi ne yake fara karya masa gwiwa. Zangon yana tsakanin megahaz 1.8 zuwa 2, kuma cikakkiyar eriyar daifol, wato wayar da ake haɗa ta da rediyo daga tsakiya, a nan waya take ci wajen mita 80, mai tsayuwa kuwa ta kwata ɗaya na tsawon igiyar sai ka miƙa mita 40 sama. Wa ke da wannan filin? In ka sauka mita 630, wato kilohaz 472 zuwa 479 da taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, na 2012 ya ware, kwatan ma kaɗai ya haura mita 150. To amma kullum dare mutane na magana daga ƙananan gidaje, kuma sirrin nasu biyu ne, gyara ƙasa da gyara kunne, wato sauraro.

Ka fara duba lasisinka tukuna, don ba kowace ƙasa ce ta buɗe dukkan zangon ba, a mita 630 ma iyakar abinda eriya zata fitar wat 1 ne, wasu wurare 5.

Eriyar da ta fi sauƙi ita ce L juyayye. Ka ɗaga waya tsaye iya ƙoƙarinka, ko mita 10 ne, sauran ka kwantar da shi zuwa bishiya ko sanda. Ɓangaren tsayen shi ke aiki, don haka mita ɗaya a sama ya fi maka biyar a kwance, amma fa kar ka raina na kwancen, shi ke jawo karant ya hau har ƙololuwa. Tunda wayar ta gaza tsawo sai a cike giɓin da koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, ka naɗa wayar tagulla mai kauri a kan faffaɗan bututun roba, ka bar wuraren maƙalawa, sannan ka ɗauko NanoVNA, 'yar na'urar auna eriya, kana matsawa kana dubawa har eriyar ta zauna inda kake so. Zaka ga ta zauna a ɗan siririn wuri, kana matsawa kaɗan SWR, wato ma'aunin wutar da eriya ke dawo maka da ita, ya tashi, wannan ba laifi bane, alama ce koyil ɗin baya cinye maka wuta. Wadda ta yi lafiyau ko'ina ita ce abin zargi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Waya mai mita 10 a mita 160 juriyar da take watsa sigina da ita bata wuce om 1 zuwa 5 ba, ita kuwa ƙasa in sanda ɗaya kawai ka kafa tana iya kai om 30 ko fiye, kaga kenan yawancin wutar da ka tura tana can tana ɗumama ƙasa, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. A mita 630 abin ya fi muni, da yawa ko kashi 1 cikin 100 basa fitarwa. Maganin wayoyi ne shimfiɗe a ƙasa daga gindin eriya suna bazuwa ta ko'ina, kuma a ƙaramin fili gajeru 16 sun fi dogaye 2, ba sai sun miƙe sak ba, ka lanƙwasa su su bi gefen katanga. Ni a ganina wanda bai gama wannan ba bai kamata ya fara zancen amfilifaya ba.

Saman koyil ɗin nan yana tara dubban bolt lokacin watsawa, ka killace shi kar yaro ya kai hannu, kuma ka nisanci wayar lantarki.

Sai kunne. Cajar waya, kwan LED, inbata, na'urar sola, duk a waɗannan zangunan suke zuba shuuu ɗinsu. Ka ɗora rediyon a batir ka kashe wutar gidan gaba ɗaya, in ƙarar ta faɗi to ɓarawon na cikin gida ne, sai ka dinga kunnawa ɗaya ɗaya har ka kama shi. Ka naɗa kebul ɗinka a zoben farait, mai tare ƙarar da ke bin kebul, mai lamba 31, kuma in da hali ka ware eriyar saurare daban, ƙaramin zobe da zaka iya juyawa har ya baiwa ƙarar baya.

Da rana kar ka wahalar da kanka, shimfiɗar D ta sararin sama tana shanye siginar, sai bayan faɗuwar rana, mafi daɗi kuma daf da fitowarta. Kar ka fara da murya. Ka sauke WSJT-X, manhajar Joe Taylor wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, ka saita agogon kwamfuta daidai da intanet don daƙiƙa biyu ma tana ɓata aiki, ka bar WSPR, tsarin gwajin nisan sigina da ke cikin manhajar, ya kwana yana kira da wat 5, da safe ka buɗe taswirar WSPRnet ka ga su wa suka ji ka. Nan zaka gane ko ƙarin wayoyin ƙasan sun yi amfani. In rahoto ya fara zuwa daga nesa sai ka koma FT8, tsarin musayar gajerun saƙonni a manhajar, a kan megahaz 1.840, in kuma mita 630 ne ɗan'uwansa FST4 aka yi domin shi, kuma ka fara da amsa kiran masu ƙarfi kafin kai ka kira CQ, wato kiran neman duk wanda zai amsa.