Ga masu shirin shiga kogo da awo: ku fara daga bakin kogon

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga wasunmu na shirin zagayen kogunan duwatsu bayan damina, to ga ɗan abin da zan ce.

GPS na waya ba ya aiki a cikin dutse. Ku ɗauki lambar wurin da GPS ke nunawa a bakin kogo, sannan ku ci gaba da tef ɗin awo da kamfas (na'urar nuna gabas da yamma): daga wannan alama zuwa waccan mita nawa, ta wace fuska, rufin ya kai ina. Ku rubuta da fensir, don biro na ƙin rubutu in takarda ta yi laima. Kowa ya riƙe tocila biyu ban da ta waya, a rufe hanci da takunkumi saboda ƙurar kashin jemage tana jawo ciwon huhu. Zuma ma takan yi gida a bakin kogo, ku duba sama kafin ku kutsa.

Abin da ya fi damuna shi ne zane-zane. A Birnin Kudu, irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai hotunan shanu na dā a jikin dutse. Wallahi kada wanda ya watsa musu ruwa wai don su fito a hoto, ko ya shafa da hannu. Launin yana bin ruwan ne ya tafi, ba ya dawowa.

Ku fara gaida mai gari ku nemi ɗan jagora. Taswirar kogon da kuka zana daga awon kuma ku miƙa wa hukumar gidajen tarihi kafin ku baza lambar wurin a Facebook.