Babi na Shida: Hanyar Ruwan Sama, Daga Ƙofar Gida Zuwa Gulbi

Darasi na ɗaya

Iyayena da 'yan'uwana, ku karanta a hankali, ku ɗora yatsa a kan layi. Wanda ya tsaya a wata kalma kada ya ji kunya, ya tambayi na kusa da shi.

Ruwan da ya zubo daga indararon gidanka yana shiga kwata, daga kwata ya faɗa lambatu, ya bi ta ƙarƙashin kwalbati, ya gangara gulbin Rima ko na Sakkwato. Daga Rima ɗin nan ake jawo ruwan famfon da muke sha a cikin garin Sakkwato, a nan kuma masunta na ƙauyen Kwalkwalawa suke neman abinci. Ledar da ka jefa a kwata can za ta je.

Darasi na biyu: yashe lambatu

A yi shi kafin ruwa ya sauka, a watan Mayu, kada a jira Agusta. Kayan aiki: shebur, manjagara, baro, da tsofaffin buhuna. A sa takalmin roba, saboda fasassun kwalabe. A fara daga ƙasa, wato inda ruwan yake fita, a yi sama.

To ga inda kusan kowa yake kuskure. An yashe, an tara ƙazantar a bakin lambatu, an tafi gida. Ruwan farko ya zo, ya mayar da ita ciki duka. Saboda haka: a kwashe abin da aka yaso. Idan da laka, a bar shi kwana ɗaya ya tsane, washegari a zuba a buhu, a ɗora a baro, a kai juji. Ku maimaita da baki: a yashe, a tsane, a kwashe. Madalla. Ku sake faɗa. Yanzu kowa ya rubuta "a kwashe" sau biyar a littafinsa.

Wallahi abin yana ba ni takaici. Magidanta su wuni cikin rana suna aiki, sannan a bar tsibi a bakin hanya mako biyu, awaki suna tonawa, kowa yana jiran wani. Mutanen unguwar Mabera sun san abin da ruwa yake yi idan ya rasa hanya. Wanda bai kwashe ba bai yi komai ba.

Darasi na uku: gini

Kada ka yi gini a kan hanyar ruwa, kada ka toshe lambatu da siminti don shigar mota. Kafin ka aza tubali, nemi izinin hukumar tsara birni, ka tambayi mai unguwa inda ruwa yake bi. Ku tuna ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Darasi na huɗu: bakin gulbi

A dasa jema da itatuwa, saiwarsu tana riƙe ƙasa. A daina ɗibar yashi daf da gaɓa.

Aikin gida: ka duba lambatun layinku, ka rubuta ko an kwashe.