Yadda ake leƙa cikin inji da bututu ba tare da an kwance komai ba

Mota tana shanye baƙin mai ko ruwan lagireto, ka kai ta gareji, sai a ce maka sai an sauke kan inji kafin a san ciwonta. Kwana biyu na aiki ke nan, ga kuɗin sabon gaskit, kuma wani lokaci a buɗe a tarar lafiya lau. Haka yake a gida: ruwa ya tsaya a bututun kicin, mai gyara ya ɗauko guduma ya fara fasa tayil bisa zato. Akwai ƙaramar na'ura da ke rage wannan lalube a duhu. Kyamara ce mai kaurin fensir, a kan doguwar waya mai lanƙwasuwa, da 'yan fitilu kewaye da idonta. A kasuwa ana kiranta endoskop ko boroskop. Ka zura ta ta ƙaramin rami, hoton ciki ya fito a fuskar wayarka.

Zaɓen wadda za ta yi maka aiki

Abu uku za ka duba. Na farko kaurin kai: ana samun mai milimita 5.5, da 7, da 8. Ramin fulogi, inda ake zura ta cikin inji, a yawancin motocin fetur milimita 14 ne ko 12, a wasu babura 10, don haka mai 5.5 ko 7 ta fi sakewa a ciki. Na biyu ita kanta wayar. Nemi mai ɗan tauri, wadda in ka lanƙwasa ta take tsayawa yadda ka bar ta. Mai laushi kamar wayar caja naɗewa take yi a kwanar farko. Mita 1 zuwa 2 ta ishi mota, aikin gida yana son mita 5. Na uku, a ga an rubuta IP67 a kwalin, alamar kan yana jure ruwa.

Wasu da allonsu suke zuwa, wasu a waya ake jona su. In ta waya ce, ka tabbata wayarka tana karɓar OTG, wato damar jona mata na'ura ta ramin caja, ka sauke manhajar, ka gwada tun a shagon. In da hali, sayi mai ido biyu, ɗaya a gaba ɗaya a gefe. Bambancin kuɗin bai kai amfaninsa ba.

Ka saba da ita tukuna

Kafin ka kusanci inji, zura ta cikin kwalba ko guntun bututu. Za ka lura hoton bai fita tangaram sai abin yana da tazarar 'yan santimita daga idon. In ka manna ta a jikin abu, dishi-dishi kawai za ka gani. Fitila kuma ba a ƙure ta a kan ƙarfe mai sheƙi, hasken dawowa yake yi ya kashe hoton. Babban abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne rasa ina ne sama, ina ne ƙasa, domin hoton yana juyawa tare da wayar. Maganinsa ɗan salatif: manna shi a gefen wayar da ya yi daidai da saman hoto.

Duba cikin silinda

Nan ne na'urar take biyan kuɗinta, kuma nan ne ganganci yake da tsada.

1. Bar injin ya huce sarai. Kan kyamarar akwai roba da gilashi a cikinsa, zafin inji zai lalata shi. Da safe kafin a tayar da mota ya fi.

2. Zare makulli ka sa a aljihunka, ka cire kan batir na baƙar waya. In wani ya murza makulli kyamara tana ciki, fistan zai murƙushe ta, abin da kake gudu na sauke kai ya zama dole.

3. Cire kwayil ko wayar fulogi. Kafin ka kwance fulogin, hure ƙurar da ta taru a gindinsa da iska. A ƙasarmu mai ƙura, musamman lokacin hunturu, yashin da ke wurin ba kaɗan ba ne, kuma cikin silinda zai faɗa.

4. Saukar da fistan ƙasa domin bangon silinda ya bayyana. Da sifana ake juya fulin kirankishaf, wato sandar da ke hawa da saukar da fistan, a hankali, kyamara tana waje. A inji mai silinda 4 a jere, na 1 da na 4 tare suke hawa da sauka, haka na 2 da na 3, don haka juyi ɗaya ya ishe ka duba biyu.

5. Zura kyamarar sannu, kada ka tura da ƙarfi. Ɗauki hoton kowace silinda, ka riƙe lambarta.

Karanta abin da ka gani shi ne ainihin aikin. Lafiyayyen bango yana da siraran layuka masu gicciye juna kamar saƙar taru. Su ke riƙe mai. In bangon ya yi sumul kamar madubi, ya sha aiki. In kuma ka ga zane mai zurfi daga sama zuwa ƙasa a miƙe, ringi ya karye ko yashi ya shiga ya yi ta gurza. Baƙin dauɗa busasshe a kan fistan ba abin tashin hankali ba ne, kowane inji mai shekaru yana da shi. Wanda ya jiƙe yana maiƙo shi ke nuna baƙin mai yana ƙonewa a ciki.

Ga wadda ke yaudarar mutane: fistan uku sun yi baƙi, ɗaya fes kamar an wanke shi. Wannan mai tsabtar shi ne marar lafiya. Ruwan lagireto ne ke tsiyaya ciki, tururinsa yana wanke dauɗar, kuma yawanci gaskit ɗin kai ne ya buɗe a wurin. In an matsa wa lagireto iska da famfon gwaji kana kallo, sau da yawa za ka ga ɗigon yana gangarowa.

Bawul suna rufin silinda ne, ba za ka gan su ba sai da idon gefe ko ɗan madubin da ake ɗaurawa a kan kyamarar. Ni ba na sakin jiki da madubin nan cikin silinda. In dole ne, ɗaure shi tam ka ƙara masa salatif, domin in ya suɓuce a ciki fito da shi wahala ce.

Kyamara tana kambama abu. Ƙarjin da bai kai gashi ba sai ya fito a waya kamar kwazazzabo. Shi ya sa ake gwama silinda da 'yan'uwanta, a kuma haɗa da awon kamfureshan, wato ƙarfin matsin iska a silinda, kafin a yanke hukunci. Mai shirin sayen tsohon inji a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ko mota 'yar Kwatano, ya nemi izinin mai kaya ya cire fulogi ya leƙa kafin ya biya.

A cikin gida

Bututun da ya toshe, fara cire gwiwar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka zura ta nan, domin kyamara ba ta cika wuce wannan lanƙwasa ba. Bari ruwan ya tsane, cikin ruwa mai dauɗa ba abin da za ka gani. In kwana ta tare ka, murza wayar kana turawa kaɗan-kaɗan. Da ka iske toshewar, sa alama a wayar daidai bakin bututu, ka zaro ka auna a ƙasa. In ma fasawa za a yi, tayil ɗaya ne zai tafi.

Silin mai ɗigo lokacin damina, cire fitila ɗaya ka leƙa ta raminta, ka bi sawun jiƙa a katako har inda kwano ya huje. Amma kafin ka shiga silin ko bututun waya, kashe wuta daga babban makunni, ka kashe janareta da inbata, kada a kawo wuta hannunka yana ciki.

Ƙugiya da maganaɗisun da ke zuwa a kwalin suna ciro noti da ya faɗa lungun inji ko zobe da ya bi magudana.

Wuri biyu ne ba ta shiga. Tankin fetur, ko da babu mai a ciki, saboda tururinsa yana kamawa da ɗan tartsatsi. Sai jikin mutum, kunne ko maƙogwaro. Ta asibiti daban ce. In ka gama aiki, goge idon da tsumma mai laushi, ka wanke wayar da sabulu in ta shiga magudana, sannan ka naɗe ta da faɗi, kada ka karya ta a wuya kusa da kan.