Yadda Ake Gwada Furotin Masu Huda Ƙwayoyin Halitta

Furotin na garkuwar jiki da ake kira kwamfilimen suna yawo cikin jini a rarrabe, kuma babu ɗayansu da ke iya huda komai shi kaɗai, sai sun haɗu bi da bi a kan fatar ƙwayar da suka kai wa hari. Ido ba ya ganin wannan haɗuwa, amma ana iya ganin sakamakonta a ɗakin gwaji.

A fara da jajayen ƙwayoyin jinin tumaki, a wanke su, a lulluɓe su da antibodi na zomo, wato furotin da ke manne wa baƙuwar ƙwaya ya jawo mata kwamfilimen, sannan a raba su a kwalaben gwaji uku cikin ruwan gishiri mai kalsiyam da magnesiyam. A zuba sabon ruwan jini, wanda ke ɗauke da kwamfilimen, a ta farko. Ta biyu a zuba mata wanda aka ɗumama a digiri 56 na tsawon minti 30, domin zafi na lalata kwamfilimen, abin da Jules Bordet na Beljiyam ya lura da shi, wanda ya samu kyautar Nobel ta 1919. Ta uku kuwa a haɗa mata sabon ruwan jini da EDTA, wani sinadari da ke kame kalsiyam da magnesiyam waɗanda kwamfilimen ke buƙata kafin ya fara aiki. A ajiye duka a digiri 37 na kusan awa ɗaya, a juya su a na'ura har ƙwayoyin su kwanta a ƙasa.

Kwalba ta farko ce kaɗai ruwanta zai yi ja, saboda himoglobin, sinadarin da ke sa jini ja, ya tsiyaye daga cikin ƙwayoyin, kuma a nan ne ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani sosai. Ga abin da ya faru tsakanin furotin na kwamfilimen da ake kira C5 zuwa C9: an datse C5, guntunsa C5b ya kama C6, C7 ya zo ya manne su a jikin fatar, C8 ya soke ta, daga nan ne kwafin C9 har 18 suka jeru suka zama zobe mai kafar da faɗinta ya kai kusan nanomita 10 (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita). Ruwa ya kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe.

Idan aka maimaita gwajin da ruwan jinin da aka cire wa C8, babu jan da zai fito, domin C9 ba shi da madogara. Mutanen da aka haifa da ƙarancin waɗannan furotin, C5 zuwa C9, sukan yi fama da sanƙarau sau da yawa.