Kurakuran da na gaji da gyarawa a labaran tsafi da al'ada

Tun da BBC Hausa ta fara gasar gajerun labarai ta Hikayata a 2016, duk shekara idan an buɗe karɓar labarai sai wayata ta cika. Ƙannena mata, ɗalibaina na da, 'ya'yan maƙwabta a nan unguwar Gangare ta Jos, kowa da nasa: "Malam, a taimaka a duba mini." Ina dubawa da zuciya ɗaya. Sai dai duk labarin da ya taɓo tsafi, ko wata al'ada da ake bi ido rufe, kusan rami ɗaya yake faɗawa, kuma ramin na san zurfinsa domin ni ma na taɓa kwana a ciki.

Ramin shi ne ɗora abin a kan wasu. Labari zai buɗe da wani ƙauye a kan dutse, mutane sanye da warki suna shan burkutu, an ɗaure budurwa za a miƙa wa dodo, sai ga ɗan birni mai ilimi ya zo ya cece ta. Irin wannan na rubuta 'yan watanni bayan rikicin Jos na Nuwamban 2008, lokacin da gari bai gama hucewa ba. Ban ambaci sunan ƙabila ba, amma sunayen da na raɗa wa mutanen da duwatsun da na siffanta sun isa duk ɗan Jos ya gane su wa nake nufi. Na karanta shi a wani zama na marubuta, aka tafa. A wurin akwai abokina da muka yi shekara shida muna koyarwa a makaranta ɗaya, ɗan ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, mutumin da ya kwana biyu da mu a asibiti lokacin jinyar mahaifiyata. Bai tafa ba. Da muka fito ya tsaya jikin babur ɗinsa yana ɗaura hular sanyi, ya ce: "Malam, ka taɓa kwana a garinmu?" Na ce a'a. Ya ce: "To kakan wa ka zana?" Ya tada babur ya tafi. Har yau muna gaisawa idan mun haɗu a Taminus, amma bai sake taka gidana ba.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A garin da aka sha zubar da jini kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, ka ɗauki alƙalami ka mai da maƙwabcinka mai yanka mutum, alhali ko ruwan gidansu ba ka taɓa sha ba? Wannan zalunci ne, kuma ragwanci ne. Mai karatu zai gama ya ce "Allah mun gode ba mu ba ne", ya juya ya yi barcinsa.

Abin da nake yi yanzu shi ne na fara daga gida. Tarihin Kano kaɗai ya ishe ka. A ciki akwai Barbushe na dutsen Dala, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, jama'a na kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu, ana yanka masa shanu tsara bayan tsara. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya ƙi ba da shanu arba'in da aka nema, ya sa samari suka sare shi da gatura. Alƙur'ani aka tarar a ciki. Mutanen ba su yi murna ba, cewa suka yi za a fitar da shi daga ƙasar kamar yadda ya fitar da abin da ke cikin Dirki. Ka tsaya a kan wannan: masu salla ne, suna yanka wa abin da ba su taɓa buɗewa ba, kuma wanda ya buɗe shi ne ya zama abin tsoro a wurinsu.

Kuskure na biyu ɗan'uwan na farko ne: mai da mai aikata abin dodo. Jajayen idanu, dariyar ƙeta, ƙoƙon kan mutum, jan ƙyalle. Haba jama'a! Al'adar da ke cin rai ba da wannan fuska take shigowa gida ba. Da fuskar goggonka take zuwa. Ka tuna wankan jego. Tun asuba goggo ta hura wuta, ruwa na tafarfasa a tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa mai jego a baya, safe da yamma har arba'in. Ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanta: "Shanye, 'yar nan, kada sanyi ya shige ki." Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin nan da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ƙafar yarinya na kumbura, numfashi na sarƙewa, goggo kuwa sai ta ƙara itace, domin a ganinta sanyin ne bai fita ba. Tana son yarinyar nan har ranta. Idan ka iya rubuta wannan goggo yadda mai karatu zai so ta, ya ga tasa a cikinta, ba ka buƙatar wuƙa ko ɗigon jini.

Saboda haka dokata ga kaina ita ce mai aikatawa ya sami hujjar da ni ma zan kasa rushe ta nan take. "Haka muka taras" ba ta isa ba. A ba shi tsoro na gaske: 'yar da ya taɓa rasawa, surutun dangi, gorin kishiya. Sannan a duba 'yan kallo. Mijin da ya ji nishin matarsa ya ɗauki buta ya fita masallaci don kada a ce ya shiga sha'anin mata, da maƙwabciyar da ta yi karatun jinya amma ta yi shiru don kunyar tsohuwa, a wurinsu labarin yake. Yawancinku marubuta kuna barin su kamar turakun rumfa.

Akwai kuma sakaci da kalma, wanda yake ba ni haushi ƙwarai. Layya daban, sadaka daban, yankan tsafi daban, 'yan'uwanmu Kirista masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma hadaya suke cewa. Boka ba ɗan bori ba ne, malamin tsibbu ba ko ɗayansu ba ne. In za ka sa bori a labari, ka san mece ce girka, ka san Ɗan Galadima da Inna da Sarkin Rafi kowa da halinsa da kiɗansa. In ba ka sani ba, je ka zauna gaban tsohuwa ka tambaya, ka kai mata goro.

Sauran ƙanana ne. Kada jaruma 'yar shekara 15 ta miƙe tsakar gida ta yi lacca kamar ma'aikaciyar ƙungiyar agaji. Tambaya ɗaya a hankali ta fi. Kada ka siffanta jini har shafi biyu. Kada ɗan sanda ya faɗo a daidai lokacin da aka ɗaga wuƙa. Kada a farka a ce ashe mafarki ne, wannan ko buɗewa ba na sake yi. Gajeren labari mai kalma 1,500 ba ya ɗaukar tarihin gari tun kafuwarsa, ka fara daga safiyar ranar da abin zai faru.

Wa'azin ƙarshe kuwa, inda marubuci ke fitowa ya ce "ya ku 'yan'uwa, mu guji miyagun al'adu", ni da jan biro nake soke shi kafin ma na karanta sauran. Na mayar wa wata ɗalibata labarinta a watan jiya saboda shi. Da ta dawo da shi, ya tsaya ne a inda goggo ke wanke tukunyar nan ta kife ta a bayan ɗaki, tana ce wa ƙaramar jikarta mai ciki wata bakwai kada kowa ya taɓa, an kusa sake buƙatarta.