Yadda Ake Rage Wa Kwamfuta Nauyi Ta Hanyar Kashe Abubuwan Windows Marasa Amfani

Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke hannun jama'a RAM ɗinsu, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 4 ne, faifan ajiyarsu kuma tsohon samfuri ne mai juyawa, wato HDD. Windows 10 da 11 suna tayar da ayyuka da dama a ɓoye tun kafin ka buɗe komai, su cinye ɗan ƙarfin da na'urar take da shi. Maganin shi ne a kashe wanda ba a buƙata, amma sai an fara gano inda nauyin yake.

Kafin komai, ka rubuta "Create a restore point" a wurin bincike na Start, ka danna Create. Idan wani abu ya lalace, da shi za ka mayar da kwamfutar yadda take. Sannan ka danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Duba Performance: idan Disk na tsaye a kan kashi 100, faifan ne ya gaji, idan Memory, wato RAM, ya haura kashi 80 alhali ba ka buɗe komai ba, manhajoji ne suka cika shi.

Mataki na farko, wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne rage manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta. A cikin Task Manager ka shiga Startup, ka duba waɗanda aka rubuta wa High. Irin su Teams, Spotify, Zoom da OneDrive, in ba ka ajiya a cikinsa, ka danna su da maɓallin dama ka zaɓi Disable. Wannan ba ya goge manhaja, yana hana ta tashi da kanta ne kawai. Ka bar Windows Security da duk abin da ya shafi sauti ko madannin linzami.

Na biyu shi ne ado. Danna maɓallin Windows da R, akwatin Run zai buɗe, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Settings da ke ƙarƙashin Performance, ka zaɓi "Adjust for best performance". Amma ka mayar da alama a kan "Smooth edges of screen fonts", in ba haka ba rubutu zai yi kaushi har ido ya gaji.

Na uku yana buƙatar natsuwa. Rubuta services.msc a wannan akwatin na Run, jerin ayyukan da Windows ke yi a ɓoye zai buɗe. Nemi SysMain, wanda a da ake kira Superfetch. Aikinsa shi ne loda manhajojin da ka saba buɗewa cikin RAM tun kafin ka nema. A kwamfuta mai HDD da ƙaramin RAM, wannan taimako kan koma wahala, domin faifan yana ta karatu ba hutu. Danna shi sau biyu, ka danna Stop, ka sauya Startup type zuwa Disabled. Windows Search ma haka yake, yana bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana tsara jerinsu. Idan ka kashe shi neman fayil zai ɗan jinkirta, kuma binciken saƙo a Outlook zai yi rauni. Ka kashe ɗaya, ka sake kunna kwamfutar, ka yi aiki da ita kwana guda kafin ka taɓa na gaba. Wanda ya kashe goma a lokaci ɗaya ba zai san wanne ya jawo matsala ba. Mai SSD kuwa, wato sabon samfurin faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, ya bar su, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Akwai waɗanda ba a taɓawa a wannan jeri: Remote Procedure Call, wanda Windows ke dogara da shi, DHCP Client, wanda idan ya mutu intanet kan yanke, Windows Audio, da Print Spooler ga mai buga takardu. Kada a kashe Windows Update ko Defender don neman gudu.

Na huɗu yana ceton data ma. A Settings ka nemi Delivery Optimization ka kashe "Allow downloads from other PCs", don kwamfutarka ta daina raba fayilolin sabuntawa ga wasu. Mai jona intanet daga wayarsa ya kunna Metered connection a saitin Wi-Fi ɗin.

Jerin da ake buɗewa da rubuta optionalfeatures a akwatin Run ba ya ƙara gudu sosai. Abin da ya cancanci cirewa a can shi ne SMB 1.0, tsohuwar hanyar da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a 2017. Ka bar .NET Framework, manhajoji da yawa ba sa buɗewa sai da shi.

Idan an ɗauke wuta kwamfutar ta koma kan batir, Windows kan rage ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, don haka ka duba Power mode kada ya zauna a kan yanayin tsimin batir kana aiki mai nauyi. In ka gama duk wannan Disk na nan a kashi 100, sai a sauya faifan da SSD, a ƙara RAM zuwa gigabait 8 idan kwamfutar tana da gurbinsa.