Yadda mai zaɓe zai auna ɗan takara a kan kuɗin masu fasaha

Duk wanda ya taɓa halartar taron kamfe a Maraɗi ya ga yadda ake liƙa wa mai kalangu takardun jaka-jaka a goshi har gumi ya jiƙa su. Wannan kuɗi ladan kirari ne, kuma da an rufe akwatin zaɓe ya ƙare. Abin da ya kamata ka bincika, duk ranar da Nijar ta koma rumfunan zaɓe, shi ne abin da ɗan takara zai ware a kasafin kuɗi domin makaɗa da mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo da masu shirya fim.

Ka fara da neman adadi. In ya ce zai raya al'adu, ka tambaye shi, ko wakilinsa na unguwa, nawa zai ba ma'aikatar al'adu a shekara, kuma nawa ne daga ciki zai fita daga Yamai ya iso jihohi. Kada ka tsaya ga mai neman shugabancin ƙasa kaɗai, domin a mulkin farar hula majalisar dokoki ce ke amincewa da kasafi. A ranar 27 ga Disamba 2020 an haɗa zaɓen ƴan majalisa da zagayen farko na shugaban ƙasa, kuma irin wannan haɗi yana sa a manta da tambayar mai neman kujerar majalisa.

Tambayar da ta fi nauyi a ganina ita ce wa zai raba kuɗin. Idan rabon yana hannun ɗan siyasa, wanda ya wasa shi ne zai samu, mai gurmi na Tibiri ko Madarunfa da ba ya bin kowa kuwa ya tashi a tutar babu. Ka nemi jin ko za a kafa kwamitin masu sana'ar, a bayyana sharuɗɗa a rediyo da Hausa, a kuma fitar da sunayen waɗanda aka ba. Ka ji ta bakinsa a kan hukumar BNDA mai karɓar haƙƙin mawaƙa, tunda waƙa tana yawo daga waya zuwa waya mai ita bai ga ko dala ba.

Sannan ka gwada alkawarinsa da abin da ƙasar nan ta riga ta iya. Tun 1975 hukuma ke ɗaukar nauyin gasar kokowa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi, tana zagaya jihohi, har makaɗan ƴan kokowa suka samu dandalin da duk Nijar ke saurare. Ka tambayi ɗan takara ko gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu da cibiyar koyon kiɗa ta Taya za su samu irin wannan riƙo mai ɗorewa. In ya taɓa riƙe muƙami, ka je gidan al'adu ka tambayi matasan da ke gwajin wasa a can ko sun taɓa ganin ko lasifika ɗaya daga hannunsa.